Makwancin Ƙarshe da Siyasar Birnin Kano

Masu nazarin siyasar Kano sun fi mayar da hankali ga zaɓe, da rikicin jam'iyyu, da takun-saƙar da aka daɗe ana yi tsakanin masarauta da 'yan sawaba, wato magoya bayan jam'iyyar NEPU. Ba kasafai ake tsayawa a dubi inda aka binne waɗanda suka yi wannan gwagwarmaya ba, domin ana ganin Musulunci ya riga ya daidaita mamata: wanka iri ɗaya, farin likkafani, salla mai kabbara huɗu, sannan a kwantar da mutum a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Haka ne, amma daidaiton ya tsaya ne ga yadda ake binnewa, bai kai ga wurin da ake binnewa ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, wurin da aka rufe shugaba yana nuna waɗanda suka karɓe shi a ƙarshe, ko fada, ko iyali, ko jama'ar gari, kuma ɗorewar tarihinsa ta dogara ne ga ko an bar wa jama'a ƙofar zuwa ga abin da ya bari.

Za a fara da fada, domin ita ce ta fi tsari. Gidan Nasarawa shi ne makwancin sarakunan Kano na baya-bayan nan. A can aka binne Alhaji Ado Bayero a watan Yuni na 2014, bayan kusan shekara 51 a kan karaga, mutumin da ya taɓa zama ɗan majalisar Jihar Arewa, da Wakilin Doka, da jakadan Nijeriya a Senegal. A can kuma aka kai Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda gwamnatin Sardauna ta sa ya yi murabus a 1963, ya yi zaman Azare, sannan ya dawo Wudil har rasuwarsa a 1991. Siyasa ta raba shi da sarauta, amma ba ta iya raba gawarsa da kakanninsa ba. Wanda bai samu wannan ba shi ne Sarki Alu, da Turawa suka kama a 1903, ya rasu a Lakwaja a 1926, kabarinsa na can har gobe. Nauyin wannan gida ya sake fitowa fili a 2024, lokacin da rikicin sarauta ya mayar da shi mazaunin ɗaya daga cikin ɓangarori biyu masu jayayya a kan karagar. Zama kusa da kaburburan iyaye hujja ce ta gado, kuma kowane ɓangare ya san haka.

Hanya ta biyu ita ce binnewa a gida, kuma a nan ne darasin ya fi fitowa, saboda mutum biyu sun bi ta amma sakamakon ya sha bamban. Malam Aminu Kano, haifaffen Sudawa a 1920, ya bar koyarwa ya jagoranci NEPU, ya ci kujerar majalisar tarayya a 1959, ya riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya a zamanin Gowon, sannan ya yi wa PRP takarar shugaban ƙasa a 1979. Da ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, sai aka rufe shi a gidansa na Gwammaja, inda talakawa suka saba kawo masa kukansu. Gidan nan, wanda ake kira Mambayya, daga baya ya koma hannun Jami'ar Bayero, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Ɗalibi zai iya shiga ya ga ɗan ɗakin da Malam ya rayu a ciki da 'yan kayansa, ya tsaya a kabarin ya yi addu'a, ya wuce zauren taro ya saurari lacca. Ƙanƙantar ɗakin kaɗai ta isa bayani a kan irin siyasar da ya yi, fiye da duk wani jawabin tunawa.

Janar Sani Abacha ma a gida aka binne shi. Ya mulki ƙasa daga Nuwamba 1993 zuwa 8 ga Yuni, 1998, ya rasu a Abuja, aka kawo shi Kano a ranar, aka rufe shi a gidan iyalinsa na unguwar Nasarawa. Akwai filin wasa da ke ɗauke da sunansa a Ƙofar Mata, kuma har yanzu ana jayayya a kan mulkinsa, wasu na tuna ayyukan asusun PTF, wasu na tuna ɗaure 'yan adawa da kuɗin da aka yi ta dawowa da su daga bankunan waje. Amma makwancinsa na bayan katanga, a hannun magada. Ba laifi ba ne, haƙƙinsu ne. Sai dai mai bincike ba shi da wani waje na kowa da kowa da zai je ya auna wannan jayayya da takardu. Janar Murtala Muhammed, wanda aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976, bayan mulkin wata shida da 'yan kwanaki, ya faɗo tsakanin biyun: kabarinsa na kusa da masallacin da ake kira da sunansa a Hausawa, saboda haka masallata ne suka zama masu riƙe da shi.

Hanya ta uku ita ce maƙabartar gari. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya yi ministan ma'adinai da lantarki a Jamhuriya ta Farko ƙarƙashin NPC, ya nemi tikitin NPN a 1978 Shagari ya kayar da shi, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata. Ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Yuli, 2017, aka yi masa salla a ƙofar fada, aka kai shi maƙabartar Kara cikin sauran bayin Allah. Abin lura shi ne, ɗan NPC mai sarauta ne ya kwanta cikin talakawa, jagoran talakawa kuwa yana da keɓaɓɓen wuri. Wannan ya nuna cewa ba aƙidar jam'iyya ce ke zaɓa wa mutum makwanci ba, waɗanda suka ɗauki makararsa ne. Duk wanda ya san maƙabartun Kano ya san makomar kabari a cikinsu: tudun ƙasa ne da ɗan allon ƙarfe mai rubutun fenti, damina ta zaizaye tudun, tsatsa ta cinye sunan. Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya yi majalisa kuma ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo, bai ma kwanta a Kano ba, domin a Madina aka binne shi a 2025.

Mai suka zai ce malamai sun hana gini a kan kabari da mayar da shi wurin taruwa, don haka ɓacewar kabari ba asara ba ce, sunna ce. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ita ce ma ke tabbatar da hujjar. Tunda addini bai yarda a jingina tunawa da shugaba ga ƙasar da ta rufe shi ba, dole a jingina ta ga wani abu daban: gidansa, wasiƙunsa, jawabansa, da bayanan waɗanda suka yi aiki da shi. Abin da ya raya Mambayya ba kabarin ba ne, ɗakin karatu ne da zauren taro da ƙofar da ke buɗe. Sanya wa titi ko asibiti sunan mamaci ba ya yin wannan aiki, domin gwamnati ce ke raɗa suna, wata gwamnatin kuma tana iya gogewa.

Saboda haka abin da ya kamata jami'o'in Kano da Hukumar Tarihi da Al'adu su sa a gaba shi ne tattara takardu da muryoyin 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko da ta Biyu, na ɓangarorin PRP na Santsi da na Taɓo, na NEPU da na NPC, tun 'ya'yansu da almajiransu suna raye. Fasahar Ɗanmasani a bakinsa take, kuma kaset-kaset ɗin jawabansa sun fi allon kabarinsa buƙatar mai tsaro. Gado idan aka raba shi, akwatin takardu ne farkon abin da ke salwanta, domin babu magajin da ke ƙirga shi cikin dukiya.