Hoton shimfiɗar ƙasa: daga Gulbin Kaba zuwa duwatsun Azbin

Hoton shimfiɗar ƙasa wani fanni ne na sana'ar ɗaukar hoto wanda ya fi mai da hankali kan duwatsu, tafkuna, gulabe, dazuzzuka da wuraren da ruwa ke gangarowa daga kan dutse. A irin wannan hoto ƙasar ita ce abin kallo. Idan mutum ko dabba ya fito a ciki, to don a gane girman wurin ne.

Asalinsa

Hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya, wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka a Faransa wajen 1826 zuwa 1827, na abin da ake hangowa ne daga tagar gidansa. Daga baya masu hoto suka riƙa bin tawagogin bincike zuwa wurare masu nisa. A Amurka, hotunan da William Henry Jackson ya ɗauko a yankin Yellowstone a 1871 na cikin abubuwan da suka sa majalisar ƙasar ta keɓe wurin a matsayin gandun ƙasa a 1872.

Wuraren ɗauka a Nijar da maƙwabta

Gundumomin Mayahi da Tasawa ƙasar rairayi ce shimfiɗaɗɗa, babu manyan duwatsu. Abin da ya fi fice a nan shi ne kwarin Gulbin Kaba, wanda ya samu sunansa daga kabar goriba da ke cike da shi. Akwai kuma tabkunan damina, da gonakin hatsi, da itatuwan gawo masu zubar da ganye da damina su yi tofo da rani.

Mai neman babban ruwa sai ya nufi tafkin Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, inda masunta da tsuntsaye ke haɗuwa, kuma inda jama'a ke ziyarar kaburburan waliyyai 99. A Damagaram akwai manyan duwatsu a unguwar Birni. Dogayen duwatsun ƙasar kuwa suna Azbin, arewa da Agadas: ƙololuwar Idoukal-n-Taghès da ke tsaunin Bagzan ta kai mita 2,022, ita ce mafi tsawo a Nijar. Kusa da garin Timiya ruwa na zubowa daga kan dutse zuwa wani kududdufi. Hukumar UNESCO ta sa gandun Azbin da Tenere cikin kayan tarihin duniya a 1991. A tsallaken iyaka, Najeriya na da dutsen Dala a Kano, da Kufena a Zariya, da magangarar ruwa ta Gurara.

Lokaci da dabara

Haske ne jarin mai hoto. Da hantsi da kuma la'asar sakaliya rana na karkata, inuwa na tsawo, sai tudu da kwari su fito sarai. Da tsakar rana kuwa hasken na dusar da launin rairayi. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana rufe abin da ke nesa, ƙura kuma na shiga na'ura, don haka ake ajiye ta cikin jaka. Sararin sama ya fi washewa bayan an ɗauke ruwan sama, kuma a Agusta da Satumba ne tabkuna ke cika.

Wajen ɗaukar ruwa mai gangarowa, ana kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, a bar idonta a buɗe na ɗan lokaci, sai ruwan ya fito fari kamar sawayen auduga. Wayar salula ma na wadatarwa idan an goge gilashinta, an daidaita layin da ƙasa ta haɗu da sama, an kuma sa wani abu a gaba, kamar gindin goriba ko kwalekwale. Ana neman izini kafin ɗaukar mutane ko gonarsu, ana kuma kauce wa wuraren jami'an tsaro.

Hoto a matsayin shaida

Babban amfanin wannan fanni ya wuce ado. Itacen nan na Tenere, da ya tsaya shi kaɗai a cikin hamada, mota ta kayar da shi a 1973. Busasshen gangar jikinsa na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, amma a hotuna kaɗai ake ganin yadda yake da rai. Haka kuma, da masu bincike irin su Gray Tappan suka kwatanta tsoffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, sun gano cewa manoman kudancin Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ta hanyar barin tohon kututture a gonaki.

Saboda haka hoton da aka ɗauka a Gulbin Kaba na ƙara daraja idan an rubuta sunan wurin da ranar ɗauka, aka kuma koma daidai nan bayan shekaru aka sake ɗauka. Da irin waɗannan hotuna ne gari zai iya nuna wa hukuma ko goribar kwarin na ƙaruwa ko raguwa, da kuma inda rairayi ke cin tabki.