Kawasaki KLR650

KLR650 babur ne na kamfanin Kawasaki na Japan, da ya fito a 1987 don hawa kwalta da hanyar daji. Silinda ɗaya gare shi, ruwa ke sanyaya injin, tankinsa kuma na cin lita 23.

Yana da juriya ƙwarai, sai dai tsoffin samfurinsa na da rauni guda: ɗan ƙarfen da ke ɗame sarƙar rage jijjigar inji yakan karye, guntayensa su zube cikin injin. Gara a sauya shi da mai ƙwari tun bai karye ba. Masu bin duwatsu sukan ɗaura farantin ƙarfe ƙarƙashin inji. Samfurin 2022 ba shi da kafireto.