Layin Mai a Guangzhou a 2005 da Tarihin Rumbun Ɗanyen Mai na Ƙasar Sin

A watan Agustan 2005 masu motoci a birnin Guangzhou sun shafe kwanaki suna bin dogon layi a gidajen mai, wasu gidajen ma suka rufe saboda tankunansu sun ƙafe. Wannan ya faru ne a babban birnin lardin Guangdong, cibiyar masana'antun da 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi ke zuwa saro kaya, birnin da yake da matatar mai tasa a gundumar Huangpu. Maƙalar nan ta ɗauki wannan lamari a matsayin ma'aunin abin da rumbun ɗanyen mai na ko-ta-kwana zai iya magancewa da abin da ya fi ƙarfinsa.

Tun 1993 man da Sin ke shigowa da shi ya zarce wanda take fitarwa. Mafi yawansa ta ruwa yake zuwa, ta mashigin Malacca, kuma a 2003 shugaba Hu Jintao ya nuna damuwa kan dogaro da wannan siririyar hanya. A 2004 aka fara ginin zangon farko na rumbunan gwamnati a wurare huɗu: Zhenhai da Zhoushan da Huangdao da Dalian. Jimillar abin da tankunansu ke iya ɗauka kyubik mita miliyan 16.4 ne, kimanin ganga miliyan 103. Duk huɗun suna gaɓar teku ta gabas da arewa maso gabas. Babu ko ɗaya a kudu.

Mai karatu zai iya zaton rashin rumbu a Guangdong ne ya haddasa layin 2005. Ba haka ba ne. Gaskiya ne mahaukaciyar guguwa ta tsayar da jiragen ruwan da ke kawo tataccen mai daga arewa, amma tushen matsalar farashi ne. Gangar ɗanyen mai ta haura dala 60 a kasuwar duniya, gwamnati kuwa ta riƙe farashin fetur a gida, sai matatu suka wayi gari suna asara a kan abin da suke sayarwa a cikin ƙasa, suka karkata ga fitar da shi waje. Da a ce an buɗe rumbu cike da ɗanyen mai a ranar, da bai rage layin da mota ɗaya ba, domin mota ba ta shan ɗanyen mai. Maganin da hukuma ta bi shi ma ya nuna inda ciwon yake: ta dakatar da rangwamen harajin fitar da fetur, sannan a ƙarshen shekarar ta ba kamfanin Sinopec tallafin yuan biliyan 10.

Sai a zango na biyu Guangdong ya shiga tsarin, da Huizhou da Zhanjiang. A Huizhou, gabas da Guangzhou, kogo aka haƙa a cikin dutse ƙarƙashin matakin ruwan ƙasa, ta yadda matsin ruwan da ke kewaye da kogon shi ke hana man tsiyaya. An tsara shi ya ɗauki kyubik mita miliyan 5, wato kusan ganga miliyan 31. Adadin yana da girma a kunne. Amma a 2023 Sin na shigo da fiye da ganga miliyan 11 a kullum, ke nan kogon bai kai shigin kwana uku ba. Shi ya sa Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda aka kafa a 1974 bayan takunkumin man Larabawa, take auna ajiya da kwanaki, ta wajabta wa mambobinta kwana 90. Sin ba cikakkiyar mamba ba ce, wannan sharaɗi bai hau kanta ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin girman rumbu da abin da ke cikinsa. Sai a Nuwamban 2014 hukumar ƙididdiga ta Sin ta fara bayyana adadi, tan miliyan 12.43 a wurare huɗun farko. A tsakiyar 2017 ya kai tan miliyan 37.73 a wurare tara da wasu tankunan kamfanoni. Daga nan sanarwar ta yi wuya, masu nazari suka koma ƙiyasi da hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda ba sa ganin cikin kogo. (A 2018 an danƙa kula da ajiyar man ga hukumar da ke kula da hatsi, don haka kalmar rumbu da na zaɓa ba ta yi nisa da tunanin Sinawan kansu ba.) Da suka fito fili suka yi gwanjon wani kaso a Satumban 2021, kimanin ganga miliyan 7, dalilin da suka bayar shi ne sassauta wa matatu tsadar ɗanyen mai, alhali babu yaƙi, babu wanda ya toshe Malacca.

Wanda ya taɓa kwana a layin mai a Kano ko Zariya ya san irin na Guangzhou. Nijeriya na haƙo ɗanyen mai, tana da matatar Kaduna tun 1980 da defo a Kano da Gusau, kuma dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta tanadi ajiyar ƙasa ta ko-ta-kwana. A ganina tambayar da ta kamaci masu aiwatar da dokar ita ce wane irin mai za a ajiye, a wane gari, kuma kwana nawa tanka za ta yi daga Legas kafin ya iso Sakkwato.