Gida da Ma'abucinsa a Kwarin Rima, Daga Ribaɗin Wurno Zuwa Zamanin Haya

Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya jiƙansa, ya ga Gobirawa da Azbinawa ba su daina kawo hari daga arewa da gabas ba, kuma ya tabbata cewa birnin Sakkwato ba zai sami natsuwa ba muddin babu garuruwa masu ganuwa da za su tare masa gaba, sai ya himmatu ga kafa garuruwan ribaɗi, yana zaunar da 'ya'yansa da almajiransa da Fulanin daji a cikinsu. Mafi girmansu ita ce Wurno, wadda ya gina wajen ƙarshen shekarun 1820 a kan tudun da ke duban fadamar gulbin Rima, ya mai da ita mazauninsa har Allah ya karɓi ransa a 1837, kuma hubbarensa yana can ana ziyara. Rabah ma gari ne na zuriyarsa, domin gare ta ake jingina ɗansa Abubakar Atiku, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877.

A irin waɗannan garuruwa ba da kuɗi mutum yake fara mallakar gida ba. Wanda ya zo da niyyar zama yakan gabata wurin shugaban gari, a auna masa fili a cikin ganuwa, bisa fahimtar cewa zai gina, ya zauna, ya noma abin da ke kewaye, ya kuma fito ranar da aka buga tambari. Mutane ake nema a lokacin, fili kuwa ga shi nan a yalwace. Bello da kansa, cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya yi wasiyya da a ƙarfafa masu sana'a, a gina garuruwa, a kyautata kasuwanni da hanyoyi. Baffan Bello, Malam Abdullahi na Gwandu, kuma ya keɓe wani ɗan littafi, Ta'alimur Radi, a kan dalilan da ke sa mutum ya keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita, waɗanda mafi shahararsu su ne rayawa da kyautar shugaba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya raya fili ta hanyar gini ko haƙa rijiya ko dasa itace, sannan ya bar shi har alamun aikinsa suka shafe, zamani ya yi tsawo, wani ya zo ya sake raya shi, to na farkon ba shi da sauran magana.

Wannan hukunci ya dace da ginin ƙasa ƙwarai, domin gidan ƙasa ba ya jure wa sakaci. Magina sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwanaki, a mulmula tubali da hannu a shanya, sannan a jera shi a haɗa da kwaɓi, gindin bango da kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufin soro kuwa na azara ne, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba. Amma da yake azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta wuce kamu kaɗan, sai ɗakunan talakawa suka zama matsattsu, faɗin zaure kuwa ya zama shaidar wadata, tun da ba a samunsa sai da ginshiƙi ko baka ko ɗaurin guga, aikin da sai gwanin magini. Daga nan a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a sa indararo ya fitar da ruwa nesa da bango, mata su taru su yi daɓe da waƙa. To, duk wannan wahala damina biyu ko uku sun isa su rushe ta idan ba a yi yaɓe ba. Saboda haka kowace shekara, bayan an kawar da amfanin gona, mai gida yakan hau soro ya toshe tsaga, ya gyara zankwaye, ya cike gindin katanga inda ruwa ya ci. Maƙwabta na gani, mai unguwa na gani, kuma a ganina wannan yaɓen shi ne takardar mallaka ta mutanen dā, wadda ake sabuntawa shekara-shekara a gaban shaidu.

Ba a ce ba a sayar da gida sam ba. Ana sayarwa, musamman idan mutum zai yi ƙaura ko magada sun kasa zama tare, sai dai abin da ake yi wa kuɗi shi ne aikin da ke kan filin: yawan azara, ƙyauren zaure, rijiya in akwai, da lafiyar bango. Fiƙihu kuma ya kewaye cinikin da sharuɗɗan da har gobe alƙalan ƙasar nan suna hukunci da su daga littattafan Risala da Muhtasar da Tuhfa. Akwai shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, ya biya shi kuɗin da ya bayar. Malikiyya ba su ba maƙwabci wannan haƙƙi ba, abokin tarayya kaɗai suka ba. Akwai kuma hauzi: wanda ya zauna a gida shekara 10 yana rushewa yana ginawa, alhali mai da'awa yana gari, yana gani, bai ce uffan ba kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron ƙararsa, in dai ba dangi ne ba, domin tsakanin dangi wa'adin ya fi haka nisa. Mafi yawan rigimar gidaje da ake kaiwa gaban alƙali daga gado take tasowa, inda babban wa zai sayar da gidan mahaifi ba da sanin 'yan'uwansa mata ba. Mai hankali ba ya miƙa kuɗi sai ya san ko an raba gado, ya ji daga bakin kowane magaji ko wakilinsa, ya kuma zaga iyaka tare da maƙwabta da mai unguwa.

Haya kuwa baƙuwa ce a waɗannan garuruwa, ko da yake babinta tsoho ne a littattafai. Baƙon sarki masauki ake ba shi, kamar yadda aka yi wa Bajamushen nan Barth da ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Falke yana sauka wurin fatoma, wanda ladansa ke fitowa daga la'adar ciniki; almajiri yana kwana a zauren malaminsa; wanda zai yi doguwar tafiya kuwa yakan ba wani aron gidansa don kada ya zama kango, har ma shi ne mai godiya.

Zuwan Turawa a 1903 ya sauya ma'auni. Sarauta ta tabbata a Sakkwato, Wurno ta koma garin hakimi, dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ta 1962 ta bi sawunta, sannan dokar 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta a matsayin amana, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin zama a karkara. A takarda ke nan. A aikace, har yau yawancin cinikin gida a Achida ko Gandi ko Shinaka yana ƙarewa ne da takardar da aka rubuta a gaban mai unguwa ko hakimi, da sa hannun shaidu, kuma kaɗan ne ke ɗaukar wahalar zuwa Sakkwato neman takardar gwamnati, sai ranar da banki ya nema ko hanya ta biyo ta kan gidan, a zo maganar diyya. Albashi ne ya kawo haya: malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona, waɗanda ake aikowa daga wani gari kuma ana iya ɗauke su gobe. Kayan gini ma sun sauya: Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah ya kuma zama hakiminta a 1934, a zamanin da yake Firimiya aka kafa kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, bayan rasuwarsa. Bulo da kwano suka shigo a hankali, makuba ta ja baya. Sai dai da yawa sun yi asara wajen haɗa tsoho da sabo, domin siminti da aka shafa a kan bangon ƙasa ba ya kama shi da kyau. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kwanta, bango ya riƙa narkewa a ɓoye alhali fuskarsa tana nan sumul.

A Goronyo ruwa ne ya sake tsara darajar filaye. An kammala madatsar ruwan gulbin Rima a 1984, noman rani ya bunƙasa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka ƙaru. Amma a watan Satumba na 2010 ambaliya ta shafe ƙauyuka da gonaki tun daga ƙasar Goronyo, ta bi ta Wurno har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kuma gidajen ƙasa da ke bakin fadama su suka fara zubewa. Tun daga lokacin, mai sayen fili yakan nemi dattawan unguwa su nuna masa inda ruwan waccan shekara ya tsaya kafin ya tambayi farashi.

A 'yan shekarun nan kuma fitinar 'yan bindiga ta koro mutanen ƙauyuka zuwa manyan garuruwa, kamar yadda mutanen Tabanni suka kwararo Gandi a 2018, har ɗakin da dā ake ba da aro ya zama abin haya. Mafi yawan wannan haya da baki ake ƙulla ta, alhali fiƙihu ya shar'anta a ambaci kuɗi da wa'adi a bayyane, ya kuma ce mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware ƙulli. Game da gyara, Muhtasar ya tafi a kan cewa ba a tilasta wa mai gida, sai dai idan ɓarnar ta kai ga cutarwa ɗan haya yana da zaɓin fita. Wannan zaɓi yana da amfani ga malamin makaranta mai albashi. Wanda ya baro ƙauyensa da dare da iyali goma kuwa, shi yakan sayi ledar rufi da kuɗinsa, sannan su zauna da mai gida da mai unguwa a ga ko za a cire masa daga kuɗin wata.