Mazari da Tattalin Arzikin Mata a Yammacin Zamfara

Masu nazarin tarihin tufafi a ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga masaƙa da marina, alhali kuwa ba a kafa saƙa sai an sami zare, zaren kuma daga hannun mata yake fitowa. A Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda suke cikin Lardin Sakkwato a zamanin Turawa, auduga tana cikin manyan amfanin gona, kaɗi kuwa shi ne babbar sana'ar matan aure da tsofaffi.

A Indiya da ƙasashen Turai an daɗe da sanin keken kaɗi, wanda ake juyawa da hannu ko da ƙafa. Ƙasar Hausa mazari ta riƙe, wato siririn tsinke mai gululun yumɓu a gindinsa. Kafin a kai ga mazari sai an gurje auduga a kan magurji don a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka, a yi sutu. Sa'an nan mai kaɗi ta shafa alli a yatsunta, ta murza mazari, tana jan zare. Siririn zare mai ƙarfi shi ne na tsaye a masaƙa, abawa mai kauri ita ake gittawa. Aikin yana cin lokaci ƙwarai, har sai mata da dama sun yi kaɗi kafin su wadatar da masaƙi guda.

Muhimmancin wannan sana'a shi ne kuɗinta na mace ne, miji ba shi da iko da su. Matar da ke kulle takan aika yarinya da zare kasuwar Talata, abin da ta samu ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta yi biki, ta sayi akuya.

A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a Manchester, da nufin samar wa masaƙun Lancashire auduga. Amma shekara da shekaru kasuwar gida tana gogayya da ita, domin sau da yawa masu kaɗi sun fi ta sayen auduga da daraja. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, ya kuma kai Ƙaura Namoda a 1929, fitar da auduga ya yi sauƙi, shigo da yadin Turai ma haka. Daga baya aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ta Gusau ta biyo baya. Zaren inji ya yi araha, masaƙan gargajiya suka koma gare shi, mazari ya kwanta cikin taskira.

Masaƙar Kaduna ita ma ta rufe a 2002. Asarar ma'aikatanta an rubuta ta a jaridu. Ta matan karkara kuwa, waɗanda sana'arsu ta riga ta ma'aikatan mutuwa, ba ta shiga lissafin hukuma ba, kuma ita ce ya kamata ɗaliban tarihi su bi tsofaffin Mafara da Bakura da Maradun su rubuta tun suna raye.