Kwangila mai sarrafa kanta: yadda ake gwada ta da tantance ta kafin a zuba kuɗi

A Garou da sauran garuruwan gundumar Malanville, a arewacin Benin, ciniki ya dogara ne kan amana: ana loda albasa ko shinkafa zuwa Kwatano, kuɗi su biyo baya. Yanzu matasa na jin labarin wata hanya da ake cewa tana rage dogaro da mutum, wato kwangila mai sarrafa kanta. 'Yan damfara ma sun koyi sunanta, shi ya sa sanin yadda ake bincikenta yake da amfani.

Mece ce ita?

Ɗan shirin kwamfuta ne da ake ajiyewa a kan bulokcen, kundin lissafin da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa. Da zarar sharaɗin da aka rubuta ya cika, sai ya aiwatar da kansa. Masanin Amurka Nick Szabo ne ya fito da tunanin a shekarun 1990, amma bai yaɗu ba sai da aka ƙaddamar da Ethereum ranar 30 ga Yuli, 2015. Galibi ana rubuta ta da harshen Solidity.

Misali, tana iya riƙe kuɗin mai sayen albasa har kaya su isa. Sai dai ba ta ganin buhu. Dole wani ya shaida mata cewa motar ta sauke.

Me ya sa ake gwaji?

Abin da aka ɗora a bulokcen ba ya gogewa. A Yunin 2016, wani kuskure a kwangilar The DAO ya ba da damar kwashe ether kusan miliyan 3.6. Don haka ake fara ɗora kwangila a hanyar gwaji, wadda ke aiki tamkar ta gaske amma da kuɗin wasa. Wadda masu rubuta shirye-shirye suka fi amfani da ita ita ce Sepolia, da aka buɗe a 2021. Lambar shaidarta 11155111.

Matakan ɗorawa

1. A buɗe sabon asusu a MetaMask don gwaji kawai, a zaɓi Sepolia. Kalmomin sirri 12 na asusun ba a nuna wa kowa.
2. A karɓi ether na gwaji kyauta a shafukan da ake kira famfo, don biyan kuɗin aiki.
3. A rubuta kwangilar a shafin Remix, a sa manhajar juyawa ta mayar da ita yaren inji. A ajiye lambar sigar manhajar da saitinta.
4. A haɗa Remix da MetaMask, a danna Deploy, a amince. Kwangilar za ta sami adireshi mai farawa da 0x, da haruffa da lambobi 40 a bayansa.

Tantancewa

Abin da ke kan bulokcen yaren inji ne, mutum ba ya iya karanta shi cikin sauƙi. Tantancewa ita ce miƙa ainihin rubutun ga shafi irin Etherscan ko Sourcify, ya sake juya shi, ya kwatanta da wanda aka ɗora. In sun dace, sai a wallafa rubutun kowa ya gani. Etherscan kan sa masa koriyar alama. Yawanci abin da ke hana dacewa shi ne bambancin sigar manhaja ko saiti, ko mantawa da bayanan da aka shigar lokacin ɗorawa.

Iyakar koriyar alama

Alamar na nuna cewa rubutun da ake gani shi ne ke aiki. Ba ta nuna cewa mai shi na da gaskiya. Kwangila tantacciya na iya ƙunsar layin da ya ba mai ita ikon kwashe komai. A Agustan 2022, hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta tuhumi mutum 11 kan Forsage, tsarin da ya tara fiye da dala miliyan 300 ta irin waɗannan kwangiloli, tana cewa kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi.

A Benin da Nijar, sefa ce kuɗin da doka ta sani. Duk wanda aka gayyata ya zuba jari, ya nemi adireshin kwangilar, ya duba ko an tantance ta, sannan ya ba wanda ya iya Solidity ya karanta masa. Idan aka ƙi ba shi adireshin, ya riƙe kuɗinsa.