Gina Ɗaki Mai Ƙarko da Dutse, Ƙasa da Tsofaffin Kayan Gini

A ƙasashen sanyi masu manyan dazuzzuka, kamar Rasha da Kanada, akan jera gungumen itace ɗaya bisa ɗaya har a tayar da ɗaki sukutum. A ƙasar Dakoro ba haka abin yake ba. Ruwan sama kaɗan ne, itace kuma ya yi wuya tun bayan farin 1973 da na 1984. Amma duk da haka magidanci yana iya gina ɗakin da zai gadar wa ƴaƴansa, idan ya san inda zai sa dutse, da inda zai sa itace, da kuma abin da zai tsinta daga tsohon gini.

Ɗakin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa: ta gindi, inda ruwa ke cin bango, da ta sama, inda gara ke cin rufi. Wanda ya tsare waɗannan wurare biyu ya tsare ɗakinsa.

Lokaci da wuri

A fara shiri da kaka, bayan an gama girbi. A lokacin nan tabkuna ba su ƙafe ba, ana samun ruwan kwaɓa ƙasa kyauta. Wanda ya bari sai bazara zai sayi ruwa da tsada, domin rijiyoyin wannan yanki suna da zurfi.

A zaɓi tudu. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa ko a fadama, musamman a kwarin Tarka, ko da an shekara da yawa ruwa bai kwanta a wurin ba. A nisanci shuri. Hadari yakan taso daga gabas, saboda haka kada ƙofa ta dubi gabas in da hali.

Harsashin dutse

Yawancin ƙasar Dakoro jigawa ce. Dutse bai yawaita ba kamar yadda yake a Adar, wajen Buza da Keita, inda ake gina bango da shi. Don haka a tanadi ɗan abin da aka samu domin harsashi kaɗai. Marmara mai tauri tana yi. Fasassun bulon siminti na tsohon gini su ma suna yi.

A haƙa rami har a wuce yashi mai laushi a taras da ƙasa mai ƙarfi. Sau da yawa zurfin yakan kai rabin mita ko fiye. Faɗin ramin ya ɗara kaurin bango. A yayyafa ruwa, a daɓe ƙasan ramin sosai.

Manyan duwatsu su ne a ƙasa, kowanne a kwance bisa gefensa mai faɗi. Dutsen sama ya hau kan mahaɗar duwatsu biyu na ƙasa. Idan mahaɗa ta hau kan mahaɗa, nan ne bango zai tsage. A cusa ƙananan duwatsu a tsakani, a cike da laka. Kada a tsaya daidai da ƙasa. A ci gaba da jera dutse har ya ɗaga kamar taƙi ɗaya ko fiye, domin ruwan da ke fantsama daga ƙasa ya bugi dutse maimakon tubali. Mai ɗan hali ya sa siminti a wannan sashe, domin a nan ne ya fi amfani.

Bango

Ƙasar gini tana son yumɓu da yashi a haɗe. Yumɓu zalla yana tsagewa, yashi zalla yana rugujewa. Ga gwaji mai sauƙi: a buga tubali uku ko huɗu, a bari su bushe sarai, sannan a saki ɗaya daga tsawon ƙugu. Idan ya farfashe ya zama gari, a ƙara yumɓu. Idan ya tsattsage tun yana shanya, a ƙara yashi da yankakkiyar ciyawa.

Kada a tayar da bango a rana ɗaya. A yi ƴan layuka, a bari su sha iska, sannan a ɗora. Kaurin bango shi ke hana zafin rana shiga ɗaki.

Itacen rufi

Magina Hausawa sun fi yarda da azara, wato tsagin kututturen giginya, domin gara ba ta cinta da sauƙi. Da azara da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Sai dai azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ya wuce kamar mita 2. Shi ya sa magina ke yin bakan gizo ko ginshiƙi idan ɗaki ya yi faɗi.

Giginya tana nesa da Dakoro, sai a kudu, musamman wajen Gaya. A nan an fi amfani da goriba, da kirya, da dogon yaro. Kafin a sare itace a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji, domin dokar gandun daji ta Nijar ta shekarar 2004 ta tsara yadda ake sara. Hanya mafi dacewa ita ce manomi ya reni itatuwan da ke tohowa a gonarsa, yana rage rassa yana barin masu ƙarfi. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda aka fara yaɗawa a jihar Maraɗi a shekarar 1983. Itacen da aka sare a ɓare ɓawonsa, a shanya shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa har ya bushe.

Kayan tsohon gini

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan ɗaki ya rushe, ba duka ya lalace ba.

Ƙasar tsohon bango tana da kyau. A farfasa ta, a jiƙa, a ƙara ciyawa, a sake bugawa. Amma a zubar da ta gindin bango idan ta yi fari-fari kamar kanwa, domin gishirin da ke cikinta zai ci sabon gini.

Tsohuwar azara a gwada ta kafin a ɗora. A ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari. Mai lafiya tana amo, wadda ƙwari suka ci kuwa tana ƙara kamar ganga, gari yana zuba daga hujojinta. A duba bakuna biyu da suka zauna cikin bango, domin nan ne ruɓa ke farawa. A yanke wurin da ya ruɓe, guntun da ya rage a sa shi bisa ƙofa ko taga. Itacen da ake shakka a kansa kada ya hau saman ɗakin da mutane ke kwana.

Tsohuwar ganga ta ƙarfe, idan maƙeri ya buɗe ta ya miƙar, tana zama ƙyaure ko indararo. Amma gangar da aka zuba maganin fari ko wani maganin ƙwari a cikinta kada ta shiga gida ko kaɗan.

Rufi ba tare da itace ba

Akwai dabarar rufe ɗaki da ƙananan tubala kaɗai, a jera su su lanƙwasa kamar baka ko kamar ƙubba. Mutanen kudancin Masar sun daɗe da saninta. Ƙungiyar Development Workshop ta kawo ta Nijar a shekarar 1980, a garin Cikal na yankin Filinge, daga baya aka horar da magina a wurare da dama. Irin wannan ɗaki yana da sanyi, kuma babu abin da gara za ta ci. Sai dai rufin yana tura bango waje, don haka yana buƙatar bango mai kauri da harsashi mai ƙarfi. Kada wanda bai koya ba ya gwada. A nemi maginin da aka horar, a je a ga ɗakunan da ya gina.

Kulawa kowace shekara

Rufin ƙasa ya karkata kaɗan zuwa ga indararo, indararo kuma ya yi tsawo yadda ruwa zai zuba nesa da bango. Kafin damina a hau soro a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe, musamman na bangon gabas. Yaɓen siminti ba ya kama bangon ƙasa da kyau. Yakan ɓamɓare, ruwa ya shige ta bayansa ba a sani ba. Yaɓen ƙasa da ciyawa, ko da makuba inda ake samunta, ya fi dacewa.

A tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje. Kada a jingina kara ko itacen girki a jikin ɗaki, domin ta nan gara ke hawa. Aikin kwana biyu a watan Mayu ya fi sauƙi a kan tayar da sabon ɗaki a tsakiyar watan Agusta.